Karoly Takacs: Sajen Da Ya Sake Koyon Harbi Da Hannun Hagu

A cikin shekarar 1938, ana tsakiyar horon soja a ƙasar Hangari, wani gurneti mai lahani ya fashe a hannun wani saje mai suna Karoly Takacs, ya ragargaza masa hannun dama. A lokacin yana da shekara 28 da haihuwa, kuma ana lissafa shi cikin gwanayen duniya a wasan harbin allo da fistol, wato ƙaramar bindigar nan ta hannu. Duk wanda ya san shi ya ɗauka tasa ta ƙare a wannan fage, domin da hannun da ya lalace yake riƙe bindiga. Shekara goma bayan haka sai ga shi a Ingila yana karɓar lambar zinariya ta wasannin Olimfik, wadda ya ciwo da hannun hagu.

An haifi Takacs a birnin Budapest ranar 21 ga watan Janairu, 1910. Ya shiga aikin soja tun yana saurayi, kuma a can ne gwanintarsa ta harbi ta bayyana. Kafin shekarar 1936 ya kai matsayin da ya cancanci wakiltar ƙasarsa a wasannin Olimfik na birnin Balin a Jamus, amma aka hana shi. Dalili kuwa shi ne a wancan zamani hafsoshi kaɗai Hangari take sakawa cikin ƙungiyarta ta harbi, shi kuwa saje ne. Bayan wasannin Balin aka soke wannan ƙa'ida, saboda haka ya sa ransa a kan wasannin 1940 waɗanda aka shirya yi a Tokiyo. Yana cikin wannan shiri haɗarin ya auku.

Ya yi kimanin wata guda a asibiti. Da ya fito bai shaida wa abokan wasansa niyyarsa ba, sai ya koma gefe a ɓoye ya fara koyon harbi da hagu, kamar ɗan koyon da bai taɓa ɗaukar bindiga ba.

Kafin mai karatu ya gane nauyin wannan aiki, sai ya san abin da ake nema daga duk wanda zai fara wannan wasa. Maharbi yakan tsaya a tsaye, ya miƙe hannu ɗaya tak da bindiga, ba tare da ya jingina da kome ba. A gabansa akwai allo mai zobba, zobe cikin zobe, na tsakiya shi ne mai maki 10, kuma makin yana raguwa gwargwadon nisan harsashi daga tsakiya. Darasin farko shi ne tsayuwa, yadda nauyin jiki zai rabu daidai a kan ƙafafu biyu. Na biyu riƙo, wanda dole ya zama iri ɗaya a kowane harbi. Na uku saiti. A bakin bindiga akwai ɗan tsini, a gindinta kuma akwai ɗan gurbi, sai maharbi ya daidaita tsinin a tsakiyar gurbin, ya kafa idonsa a kan tsinin, ya bar allon ya yi masa dishi-dishi. A nan ne sabon shiga yakan yi kuskure, domin ido yakan so ya gudu zuwa kan allon. Na huɗu jan kunama, wadda ake matsawa a hankali zuwa baya sak, numfashi a tsaye, ba tare da fizga ba. Bakin bindiga in ya kauce da kaurin zare, harsashi yakan kauce da faɗin yatsu a nisan mita 25.

Babu mahaluƙin da hannunsa yake tsayawa cak. Gwani shi ne wanda ya yarda da ɗan rawar hannunsa, ya ci gaba da matsa kunama a tsanake. Ɗan koyo kuwa yakan jira lokacin da tsinin ya faɗa tsakiya ya fizga, ya kuma ɓata harbin. Saboda haka ne malaman wasan suke sa almajiransu su yi ta maimaita ɗaga bindiga da matsa kunama babu harsashi a ciki, har kafaɗa ta yi ƙwari, yatsa ya saba.

Duk wannan ilmi Takacs yana da shi a ka. Abin da ya rasa shi ne hannun da ya yi shekaru yana zuba wa ilmin. Dole ya juya tsayuwarsa, ya ƙarfafa kafaɗar da ba ta saba ɗaukar nauyi ba, ya horar da yatsan da bai taɓa matsa kunama ba. Hausawa sun ce da koyo akan iya, amma koyo yana da ɗaci ga wanda ya riga ya ɗanɗana gwaninta, domin kowane harsashi da ya kauce yana tuna masa abin da ya rasa.

A bazarar 1939 ya bayyana a gasar harbin fistol ta ƙasar Hangari. Waɗanda suka gan shi sun zaci kallo ya zo yi, suka yi ta yi masa jaje. Sai ga shi ya shiga layi, ya kuma cinye gasar. A cikin wannan shekara yana cikin ƙungiyar Hangari wadda ta zo ta ɗaya a gasar duniya da aka yi a birnin Lucerne na ƙasar Suwizalan.

Ba a nan jarrabawarsa ta tsaya ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939. Wasannin 1940, waɗanda aka ɗauke daga Tokiyo zuwa Helsinki, aka fasa su. Na 1944 da aka ba Landan su ma aka fasa. Ta haka sajen da aka hana zuwa Balin ya rasa wasanni uku a jere, shekarunsa na ƙuruciya suna ta wucewa.

Sai a 1948 ya sami damarsa, yana da shekara 38. Landan ce ta karɓi baƙuncin wasannin, aka yi harbe-harbe a filin Bisley. Takacs ya shiga gasar harbin gaggawa ta mita 25, inda ake jera alluna biyar, maharbi ya saki harsashi ɗaya a kan kowanne cikin ƙayyadadden lokaci: da farko daƙiƙa 8, sa'an nan 6, sa'an nan 4. Harsashi 60 ake harbawa, iyakar makin da za a iya samu 600. Wanda kowa ya sa wa ido shi ne zakaran duniya, Carlos Enrique Diaz Saenz Valiente na ƙasar Ajantina. Labari ya shahara cewa Valiente ya tambaye shi abin da ya kawo shi Landan, shi kuwa ya amsa cewa koyo ya zo yi. Da aka tashi, Takacs ya sami maki 580, abin da ba a taɓa samu ba a duniya kafin ranar, Valiente ya biyo da 571, Sven Lundquist na Suwidin ya zo na uku. An ce a wurin ba da lambobi Valiente ya taya shi murna, ya kuma shaida masa cewa koyon nasa ya isa haka.

A 1952, a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, ya sake cin zinariya da maki 579 yana da shekara 42. Shi ne mutum na farko da ya ci wannan gasa sau biyu a wasannin Olimfik. Wanda ya zo na biyu, da ratar maki ɗaya tak, wani yaro ne ɗan Hangari mai shekara 17, Szilard Kun, wanda Takacs da kansa ya horar. Abin lura kuma, Landan da Helsinki su ne biranen nan biyu da yaƙi ya hana su yin wasannin da ya yi ta jira.

Ya sake fitowa a Melbourne ta ƙasar Ostireliya a 1956, inda ya zo na takwas. A tsawon rayuwarsa ya ci gasar ƙasarsa sau 35. Sojan da aka taɓa hana wakiltar ƙasarsa saboda ƙanƙantar muƙami ya bar aiki yana laftanar-kanar, ya kuma ci gaba da koyar da matasa harbi. Ba shi ne ɗan Hangari na farko mai naƙasa da ya yi fice a wasannin Olimfik ba. Kafin shi an yi Oliver Halassy, wanda ya rasa ƙafa tun yana yaro amma ya ci zinariya a wasan ƙwallon ruwa a 1932 da 1936.

Takacs ya rasu a Budapest ranar 5 ga watan Janairu, 1976, saura kwana 16 ya cika shekara 66. Har yanzu malaman harbi sukan ba sababbin almajirai labarinsa, musamman waɗanda suka fara a makare, ko suka karaya saboda harsasansu sun ƙi taruwa a tsakiyar allo. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, da ma'aikacin da aka mayar wani sashe inda sai ya fara daga tushe, su ma suna da abin ɗauka. Takacs ya amince ya koma sahun 'yan koyo yana da shekara 28, ya jira shekara goma cur, kuma duk lambobin Olimfik da ya ciwo, hannun hagu ne ya kawo masa su.