Gertrude Elion, matar da jami'a ta ce ta zaɓi ɗaya tsakanin aiki da digirin digirgir

A tsakiyar shekarun 1940, idan aka tashi daga aiki a kamfanin magunguna na Burroughs Wellcome da ke Tuckahoe a jihar New York ta Amurka, wata matashiya kan kama doguwar hanya zuwa kwalejin kimiyya ta Brooklyn Polytechnic, inda take karatun digirin digirgir da dare. Bayan kimanin shekara biyu tana wannan kai-komo, hukumar makarantar ta sanar da ita cewa in dai tana son digirin, sai ta ajiye aiki ta koma ɗaliba zalla. Gertrude Elion ta riƙe aikinta, ta haƙura da digirin.

Sai an san wahalar da ta sha kafin ta samu wannan aiki za a gane dalilinta. An haife ta a birnin New York ranar 23 ga Janairun 1918, 'yar baƙin Yahudawa daga gabashin Turai. Mahaifinta likitan haƙori ne da karyewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta cinye masa dukiya. Tana da shekara 15 ciwon daji ya kashe kakanta, abin da ya ja hankalinta ga kimiyyar sinadarai. Ta gama kwalejin Hunter a 1937 da kyakkyawan sakamako, amma jami'o'i suka hana ta tallafin ci gaba da karatu, ɗakunan bincike kuma ba sa ɗaukar mata. Ta yi koyarwa, ta tara kuɗi ta yi digiri na biyu a Jami'ar New York a 1941, har ta yi aikin auna ingancin kayan abinci a wani kamfanin kantuna. Yaƙin Duniya na Biyu ne, da ya kwashe maza, ya buɗe mata ƙofa: a 1944 George Hitchings ya ɗauke ta mataimakiya.

A lokacin, yawancin magunguna da laluben sa'a ake gano su. Hitchings da Elion sun bi wata hanya dabam. Sun yi nazarin yadda ƙwayoyin ciwon daji da na cututtuka ke gina ƙwayar halittarsu, sannan suka ƙera sinadarai masu kama da tubalan ginin, ta yadda idan cutar ta ɗauka ta sa a gininta, ginin ya tsaya cak. Ta wannan hanya Elion ta haɗa 6-mercaptopurine a 1951, wanda har yau yana cikin magungunan sankarar jinin yara. Daga shi aka samu azathioprine, wanda ya sa dashen ƙoda tsakanin waɗanda ba 'yan'uwan jini ba ya yiwu. Ɗakin bincikensu ne kuma ya fitar da pyrimethamine, da ke cikin maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu juna biyu a asibitocinmu, da trimethoprim da ke cikin Septrin.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a rubuta kundin digiri a kansa. Matsalar ita ce jami'ar wancan zamani ba ta ɗauki ɗakin binciken kamfani a matsayin wurin neman ilimi ba, kuma wannan sharaɗi ya fi cutar da wanda ba shi da uban da zai ciyar da shi. Sai daga baya wasu ƙasashe suka gyara: Faransa ta kafa shirin CIFRE a 1981, inda kamfani ke ɗaukar ɗalibi aiki da albashi, jami'a kuma ta kula da bincikensa har ya kare kundinsa.

Elion ta zama shugabar sashen gwajin magunguna na kamfanin a 1967, kuma a ƙarƙashinta aka yi aikin acyclovir, maganin da ya nuna ana iya kai wa bairos hari ba tare da an lahanta jikin majiyyaci sosai ba. Ta yi ritaya a 1983, ta ci gaba da horar da ɗaliban likitanci a Jami'ar Duke. A 1988 ta karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci tare da Hitchings da James Black na Birtaniya. Shekara ɗaya bayan haka, makarantar nan ta Brooklyn ta ba ta digirin girmamawa.

Ba ta yi aure ba. Saurayinta ya rasu a 1941 da ciwon zuciya na ƙwayoyin cuta, 'yan shekaru kafin penisilin ya wadata. Ta mutu ranar 21 ga Fabrairun 1999 a Chapel Hill da ke jihar North Carolina, tana da shekara 81.