Joseph Petzval, Masanin Lissafin Da Ya Sauƙaƙa Ɗaukar Hoton Fuska

Wanda duk ya zauna gaban mai hoto, ko a Wudil ko a birnin Kano, kafin ƙiftawar ido an gama. A 1839 kuwa, lokacin da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa, sai mutum ya yi mintoci da yawa cikin rana bai motsa ba, domin idon kyamara na lokacin, watau gilashin da haske ke bi ya shiga, hasken da yake tarawa kaɗan ne. Wanda ya rage wa jama'a wannan wahala shi ne Joseph Petzval.

An haife shi ran 6 ga watan Janairu, 1807, a ƙasar Hangari, a wani gari da yanzu yake cikin Sulobakiya. Ya karanta aikin injiniya a birnin Pest, sa'an nan a 1837 ya zama shehun malamin lissafi a Jami'ar Biyana, babban birnin Ostiriya.

A da, masu wasa gilashi gwaji suke ta yi har a dace. Shi kuwa da alƙalami ya fara. Aka ba shi waɗansu sojojin igwa gwanayen lissafi suka taya shi aiki, a 1840 ya fito da tsarin ido mai gilashi 4, biyu a gaba, biyu a baya. Hasken da yake tarawa ya ninka na da fiye da sau 10, har zaman ɗaukar hoto ya koma ƙasa da minti guda.

Wannan ido yana da halinsa. Tsakiyar hoto, inda fuska take, tana fita rangaɗau, gefe kuwa sai ya dusashe kamar yana juyawa. Ga mai ɗaukar fili ko gini wannan aibi ne, amma ga mai ɗaukar fuska alheri ne, don kuwa hankalin mai kallo ba ya barin fuskar.

Sai dai kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Voigtländer, wanda ya ƙera idon, ya sami dukiya da shi. Da suka ɓata, ya buɗe masana'anta a ƙasar Jamus, inda Petzval ba shi da ikon hana shi. A 1859 kuma ɓarayi suka fasa gidan malamin, rubuce-rubucensa na shekaru a kan ilmin haske suka salwanta, bai sake haɗa su ba.

Ya bar koyarwa a 1877, ya rasu a Biyana ran 17 ga watan Satumba, 1891. A 2013 kamfanin Lomography ya sake ƙera ido bisa tsarinsa, saboda masu hoto da ke neman wannan dusashewa ta gefe.