Shikinya Gonzaga: matar da ta ci guminta da kiɗan piyano

Tarihinmu na yau ya kai mu Birazil, ƙasar da aka kai bayi da yawa daga Afirka, har da Hausawa. Can aka haifi Chiquinha Gonzaga, ana faɗin Shikinya, a birnin Riyo ranar 17 ga watan Oktoba na 1847. Ubanta hafsan soja ne, uwarta kuwa ɗiyar baiwa ce. Tun tana ƙarama ta koyi piyano, wani abin kiɗan Turawa mai kama da babban akwati, da ake dannawa da yatsu.

Tana da shekara 16 aka yi mata aure da wani mai aikin jirgin ruwa. Sun haifi yara uku, amma maigidan bai son kiɗan. Da zama ya ƙiya, sai ta fita. Fitar ga ta yi mata tsada: ubanta ya yafe ta, kuma babban ɗanta kaɗai ta samu ta tafi da shi.

Ba dangi, ba jari, sai sana'ar hannunta. Tana koya wa yaran mutane piyano, tana kuma kiɗa wajen bukukuwa tare da maza, abin da ake gani a lokacin kamar zubar da mutunci ga mace. A zamanin babu rediyo, babu kaset. Mai tsara kiɗa a takarda yake rubuta shi, a buga, a saida ma masu piyano a gida. Takardar ita ce haja. A 1877 kiɗanta mai suna Atraente ya samu kasuwa ƙwarai, sunanta ya fito. A 1885 ta zama mace ta farko da ta ja ragamar ƙungiyar makaɗa a ƙasar.

Ba ta manta da asalin uwarta ba. Ta bi gida gida tana tallar takardunta, kuɗin suna shiga asusun masu yaƙi da bauta. Da su aka fanshi wani bawa mai busa sarewa, José Flauta. A 1888 aka hana bauta a Birazil. A 1899 ta tsara Ó Abre Alas domin bikin karnabal, waƙar da har yanzu ake yi.

Sai dai kayan da ke da farin jini ba su rasa ɓarayi. Da ta je Turai, ta tarda ana saida kiɗanta a birnin Balin na Jamus ba da izininta ba. Duk ƴar kasuwa ta san zafin a ci riba da kayanka kana kallo. Ta nemi haƙƙinta, ta kuma gane cewa mutum ɗaya bai iya tsare shi. A 1917 ta haɗu da marubutan wasan kwaikwayo suka kafa ƙungiyar SBAT, mai karɓo ma masu fasaha ladan aikinsu. Ita kaɗai ce mace cikin waɗanda suka kafa ta.

Ta rasu a Riyo ranar 28 ga watan Fabrairu na 1935, tana da shekara 87. A 2012 gwamnatin Birazil ta maida ranar haihuwarta ranar kiɗan jama'ar ƙasar. Makaɗan da suka zo bayanta sun gaji waƙoƙinta, sun kuma gaji ƙofar da za su buga in an ci guminsu.