TARIHIN WILLIS CARRIER, INJINIYAN DA YA SHATA WA ISKA HANYA

Duk wanda ya ratsa ƙasar Bunkure da Kura cikin watan Afrilu ya san abubuwa biyu. Na farko shi ne zafin bazara, wanda kan kai awo 40 a ma'aunin zafi da tsakar rana. Na biyu kuwa shi ne ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala cikin 1974, yana gangarowa ta babbar hanyar da aka haƙa masa, yana rarrabuwa cikin ƙanana har ya isa gonakin tumatir da alkama da shinkafa. Manomin rani na wannan yanki ba ya bukatar a gaya masa cewa tara ruwa a madatsa rabin aiki ne. Sai an shata masa hanya daidai da yawansa, an kuma bar masa mafita, in ba haka ba ko dai ya kasa isa gona ko kuma ya kwanta ya ɓata ta.

Irin wannan matsala ce ke gaban ma'aikacin da ya tara kuɗi ya sayi na'urar sanyaya ɗaki irin ta taga, watau iyakwandishan, ya kafa ta a ɗaki guda, alhali 'ya'yansa na kwana cikin gumi a ɗakin da ke daura. Yana so ya karkata sanyin ya kai musu, amma iskar ta ƙi zuwa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan wannan al'amari, na sarrafa iska da kai ta inda ake bukata, shi ne wani injiniya Ba'amurke mai suna Willis Haviland Carrier.

An haifi Willis Carrier ran 26 ga watan Nuwamba, 1876, a wata gona kusa da garin Angola cikin Jihar New York ta Amurka. Ɗan manomi ne, ya tashi yana tatsar shanu yana taya mahaifinsa aikin gona. Tun yana ƙarami lissafin ɓangarori ya gagare shi a makaranta, sai mahaifiyarsa, Elizabeth, ta sa shi ya riƙa yanka tuffa gida biyu, gida huɗu, gida takwas, yana haɗawa yana rabawa har ya gane. Wannan darasi ya zauna masa, domin daga baya an san shi da halin warware kowace matsala zuwa ƙananan sassa kafin ya taɓa ta. Mahaifiyar ta rasu yana da shekara 11.

Ya ci jarrabawar neman tallafin karatu ya shiga Jami'ar Cornell. Tallafin bai wuce kuɗin makaranta ba, saboda haka da yankan ciyawa da hura wutar ɗumama gidaje da aikin wanki ya ciyar da kansa. Ya sami digirinsa na injiniya cikin 1901, ya kama aiki a kamfanin Buffalo Forge a kan albashin dala 10 a mako. Sana'ar kamfanin ita ce ƙera fankoki da bututan ɗumama iska, irin waɗanda ake busar da katako da kofi da su. A wancan zamani kintace kawai magina ke yi wajen zaɓen girman fanka da bututu. Carrier bai yarda da kintace ba. Ya zauna ya auna yawan zafin da iska ke ɗauka in ta ratsa bututu mai zafi, ya tsara sakamakon cikin jadawali, har kamfanin ya ga amfanin abin ya ɗora shi a kan sashen gwaje-gwaje.

Cikin 1902 wata maɗaba'a mai suna Sackett-Wilhelms da ke Brooklyn ta kawo kuka. Tana buga mujallu masu launi, kuma kowane launi sai takarda ta sake bi ta cikin inji. In laima ta yi yawa takarda ta sha danshi ta buɗe, in iska ta bushe ta tsuke, sai launuka su kasa hawa kan juna daidai, aiki ya lalace, a yi asara. Abin lura a nan shi ne masu maɗaba'ar ba sanyi suka nema ba, maganin laima suke so. Ran 17 ga watan Yuli, 1902, Carrier ya kammala zanen na'urar da za ta yi wannan aiki: fanka ta tura iska ta ratsa bututan da ruwan sanyi ke gudana a ciki, danshin da ke cikin iskar ya taru a jikin bututan ya ɗiga, kamar yadda gumi ke fitowa a jikin kofin ruwan sanyi. Iskar da ta fito ta bushe, ta kuma yi sanyi. Daga wannan rana ake ƙidayar tarihin iyakwandishan na zamani.

Ba da daɗewa ba, yana jiran jirgin ƙasa a tashar Pittsburgh cikin wani dare mai hazo, sai wata dabara ta faɗo masa. Ya lura cewa iska mai sanyi ba ta iya riƙe ruwa da yawa, shi ya sa raɓa ke sauka da asuba. Ashe ke nan in aka fesa wa iska ruwa mai sanyi ƙwarai, maimakon ta ƙara jiƙa sai ta zubar da danshin da take ɗauke da shi, ta tsaya a kan gwargwadon da sanyin ruwan ya yarje mata. Watau da ruwa za a busar da iska. Mutane da dama sun ɗauki maganar shirme, amma gwaji ya gaskata shi, aka ba shi takardar mallakar wannan ƙirƙira ran 2 ga watan Janairu, 1906. Masaƙun auduga na kudancin Amurka, inda zare ke tsinkewa in iska ta bushe, su ne suka fara rububin na'urar, kuma cikin 1907 aka sayar da ita ga wata masaƙar siliki a Yokohama ta ƙasar Japan. Ran 3 ga watan Disamba, 1911, ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin Amurka ƙa'idojin lissafin da ke haɗa zafin iska da laimarta, waɗanda suka zama tushen wannan fanni, ɗalibai na karanta su har yanzu.

Ana cikin haka sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke cikin 1914. Shugabannin Buffalo Forge suka yanke shawarar su tsaya ga ƙera kaya kaɗai, suka rufe sashen da Carrier ke jagoranta. Wannan ya faru ne bayan shekaru biyu kacal da rasuwar matarsa ta fari. Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai shi da abokinsa J. Irvine Lyle da wasu injiniyoyi biyar suka haɗa abin da suka tara, dala 32,600, suka kafa kamfanin kansu ran 26 ga watan Yuni, 1915. Lyle ya riƙe ciniki, Carrier ya riƙe bincike. Ba su da masana'anta, saye suke yi su harhaɗa. Jarinsu na gaskiya shi ne sun iya lissafin iska, har suna iya yi wa mai ma'aikata alkawarin zafi da laimar da zai samu, su kuma cika.

Injunan sanyi na lokacin manya ne, kuma da sinadarin ammoniya suke aiki, wanda in ya tsiyaya yana iya halaka mutane. Saboda haka ba a yarda a kai su inda jama'a ke taruwa ba. Cikin 1922 Carrier ya fito da sabon inji mai juyawa kamar fanka, wanda ya fi ƙanƙanta, ya kuma yi amfani da sinadarin da bai kai ammoniya haɗari ba. Da wannan inji sanyi ya fita daga ma'aikatu ya shiga cikin jama'a: babban kantin J. L. Hudson na Detroit cikin 1924, gidan siliman Rivoli na New York cikin 1925, sa'an nan zaurukan Majalisar Dokokin Amurka cikin 1928 da 1929. A tsakiyar shekarun 1930 injunansa suka iso Afirka, aka kafa su a mahaƙar zinariya ta Robinson Deep a Johannesburg don tura iska mai sanyi zuwa ga leburorin da ke aiki can ƙarƙashin ƙasa.

A gidajen silima ne aka gane cewa samar da sanyi daban, rarraba shi daban. Waɗanda suka riga shi gwadawa ta ƙasan kujeru suke huro iskar, sai ƙafafun 'yan kallo su ƙandare alhali kawunansu na gumi, domin iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, ƙasa take kwanciya. Injiniyoyin Carrier suka juya tsarin. Suka saki iskar daga silin a hankali don ta sauko ta gauraya, suka buɗe ƙofofi a ƙasa waɗanda ke janye tsohuwar iska su mayar da ita ga inji. Ke nan kowane ɗaki yana da mashiga yana da mafita, iskar tana zagayawa ba ta tsayawa.

Karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta girgiza kamfanin, dole cikin 1930 ya haɗe da wasu kamfanoni biyu, Carrier ya zama shugaban hukumar daraktoci, kuma cikin 1937 suka ƙaura zuwa garin Syracuse. Duk da haka bai bar bincike ba. Dogayen benaye masu ɗaruruwan ofisoshi sun kawo sabuwar matsala, domin manyan bututan iska suna cinye wurin da za a ba haya. Cikin 1939 ya fito da tsarin da ke tura iska da ƙarfi ta siraran bututai zuwa kowane ofis, inda wani ƙaramin akwati a gindin taga ke gauraya ta da iskar ɗakin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya tsara injunan sanyaya wani katafaren ramin gwajin jiragen sama a Cleveland, wanda ya fara aiki cikin 1944, inda ake kwaikwayon tsananin sanyin sararin samaniya. Shi kansa wannan aiki ya ɗauka a matsayin mafi girman abin da ya yi. Ya mutu a birnin New York ran 7 ga watan Oktoba, 1950, yana da shekara 73, aka binne shi a Buffalo.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa ba Carrier ne ya ƙago na'urar taga ba. Wasu injiniyoyi biyu, H. H. Schultz da J. Q. Sherman, su suka tsara irinta cikin 1931, kuma sai bayan yaƙi ta yi arahar da talaka zai iya saye. Amma bisa ƙa'idojinsa take aiki, kuma su ne ke bayyana dalilin da ya sa sanyinta ke ƙin zuwa ɗaki na biyu.

Da farko, na'urar ba ta ƙirƙirar sanyi. Zafin ɗaki take kwashewa ta zubar a waje ta bayanta, kuma akwai iyakar abin da za ta iya kwashewa cikin awa guda. Wadda aka auna don ɗaki ɗaya, in aka ɗora mata biyu, za ta yi ta aiki ba hutu, ta sha wuta, kuma ba ɗakin da zai yi sanyi sosai, kamar ruwan kadada ɗaya ne aka raba wa kadada biyu. Na biyu, fankarta ƙarama ce, an yi ta ne don watsa iska cikin ɗaki. In aka ɗaura mata dogon bututu na leda ko na kwali, ƙarfin iskar zai ragu, har ƙanƙara ta iya kama bututan cikinta ta toshe su. Na uku, wanda shi aka fi mantawa, iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da mafita. Muddin iska mai zafi ta ɗaki na biyu ba ta sami hanyar komawa ga na'urar ba, mai sanyi ba za ta shiga ba.

Saboda haka wanda ya bi tafarkin Carrier zai fara da auna ɗakunan biyu ya tabbatar na'urarsa za ta iya ɗaukarsu. Sa'an nan ya bar ƙofar da ke tsakaninsu a buɗe, ya ajiye fanka a ƙasa bakin ƙofar tana tura iska mai sanyi zuwa ɗaki na biyu, mai zafi kuwa ta dawo da kanta ta saman ƙofar. In babu ƙofa tsakani, sai a huda bango wuri biyu, ɗaya a sa masa ƙaramar fanka, ɗaya a bar shi don dawowar iska. Rufe tagogi da labule mai kauri a gefen da rana ke duka, da sa silin a ƙarƙashin rufin kwano, suna rage wa na'urar kaya fiye da yadda ake zato.

Willis Carrier bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma da ya ga yadda ruwan Tiga ke barin babbar hanya ya shiga ƙanana, ya shayar da gona, ragowarsa ya fita ta magudana, da ya gane aikinsa a ciki. Ɗan manomin da lissafin ɓangarori ya taɓa gagara ya bar wa injiniyoyi da ɗalibai ɗabi'a guda, watau a auna kafin a gina, kuma duk abin da aka shigar a tanadar masa hanyar fita.