Paskal, Yaron da Aka Ɓoye wa Littattafan Lissafi

An haifi Blaise Pascal, wanda za mu riƙa kira Paskal, ranar 19 ga Yuni 1623 a garin Clermont da ke tsakiyar ƙasar Faransa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 3, ta bar shi da yayarsa Gilberte da ƙanwarsa Jacqueline. Mahaifinsu Étienne alƙali ne a kotun haraji, kuma shi kansa gwanin lissafi ne. Bai sake aure ba. A 1631 ya kwashe 'ya'yansa suka koma Paris, ya ce shi da kansa zai karantar da su a gida. Haka kuwa aka yi, domin Paskal bai taɓa zama a aji ba, bai kuma shiga jami'a ba.

Étienne yana da tsarinsa. Yana so yaron ya fara ƙware a Latin da Girkanci, harsunan ilimi na Turai a wancan zamani, kamar dai yadda malamanmu suke cewa a riƙe nahawu kafin a shiga manyan littattafai. Da yake ya san daɗin lissafi, sai ya ji tsoron idan yaron ya ɗanɗana ba zai ƙara waiwayar harsunan ba. Saboda haka ya ɗauke littattafan lissafi daga inda hannun yaro zai kai, ya ce sai ya cika shekara 15. Da Paskal ya dame shi da tambayar mene ne ilimin handasa, wato lissafin layuka da kusurwoyi da siffofi, sai ya ba shi gajeriyar amsa, ya ce kada ya ƙara tayar da zancen.

Kowa ya san abin da hani yake yi wa yaro. Gilberte, wadda ta rubuta tarihin ƙanenta, ta ba da labarin cewa yana ɗan shekara 12 ya riƙa shiga ɗaki da gawayi yana zane a ƙasa. Bai san sunayen siffofin ba, sai ya laƙa musu nasa: da'ira ya kira ta kewayayye, layi kuma sanda. Wata rana mahaifinsa ya shigo ya tarar da shi yana ƙoƙarin tabbatar da cewa idan aka haɗa kusurwoyi uku na kowace alwatika, za su ba da digiri 180. Ya tambaye shi yadda ya zo wurin, yaron ya riƙa komawa baya mataki-mataki, wannan ya fito daga wancan, har ya kai ga abin da ya fara da shi. Masana tarihi da yawa suna ganin Gilberte ta ƙara gishiri, kuma ba mamaki, yaya ce take ba da labarin ƙanenta. Amma ko an rage gishirin, abin da ya biyo baya ya nuna yaron ba na wasa ba ne.

Ya kamata mu tsaya a nan, domin a nan ne labarin yake. Da yawa daga cikinmu mun haddace 180 ɗin nan tun muna firamare. Wasu malamai sukan sa mu yanka alwatika a takarda, mu yage kusurwoyin mu jera, mu ga sun yi layi miƙaƙƙe. Wannan gwaji ne, ya nuna gaskiyar alwatikar da ke hannunka kawai. To, sauran alwatikun da ba ka yanka ba fa? Hujja ce kaɗai take ɗauke su duka a lokaci guda. Ga yadda ake yawan koyar da ita: ka ja layi ta kan kusurwar sama, wanda yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da gindin alwatikar ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Kusurwar da ta fito a hagun ƙololuwar daidai take da ta hagun gindi, ta dama ma daidai take da ta daman gindi. Ka ga kusurwoyin uku sun jeru a kan layi ɗaya, layi kuwa digiri 180 ne. Ba ka auna komai ba, amma babu alwatikar da za a zana a kan allo ta ƙaryata ka. Abin da ake ce wa burhani ke nan a Larabci.

Étienne bai yi faɗa ba. Ya warware dokarsa, kuma abin da ya zaɓa ya ba yaron shi ne ya fi burge ni. Bai tara masa tambayoyin ƙidaya masu wuya ba. Littafin Uklidis ya miƙa masa.

Uklidis ya rayu a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Littafinsa kashi 13 ne. Yana farawa da ma'anar kalmomi, sai 'yan ƙa'idojin da aka yarda da su ba gardama, daga nan duk abin da ya faɗa sai ya kafa masa hujja daga abin da ya gabata. Kashi na farko yana da mas'ala 48. Zancen kusurwoyin alwatika shi ne na 32. Mu 'yan makarantar Larabci muna da rabo a tarihin littafin. A Bagadaza, zamanin Haruna Rashid, Al-Hajjaj bin Yusuf bin Matar ya fassara shi zuwa Larabci. Ba Hajjaj gwamnan Iraƙi ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Daga baya Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya gyara wata fassarar. Wajen 1120 kuma wani Bature ɗan Ingila, Adelard, ya juya shi daga Larabci zuwa Latin.

Paskal ya karance littafin ba tare da an yi masa bayani ba. Mahaifinsa ya ƙara da abu na biyu: ya fara tafiya da shi zauren Mersenne, wani malamin coci da masana lissafi na Paris suke taruwa a wurinsa suna gwada ayyukan juna. A ganina wannan ya kai littafin muhimmanci. Yaron da yake karatu shi kaɗai a gida yana bukatar wanda zai duba hujjarsa ya ce masa wannan matakin bai tsaya ba.

Yana ɗan shekara 16 ya gano abin da har yau ake kira da sunansa. Ka sa ɗigo 6 a kan da'ira, ka haɗa su su zama siffa mai gefe 6, sannan ka tsawaita kowane gefe har ya haɗu da wanda yake fuskantarsa. Wuraren haɗuwar guda 3 za su faɗa a kan layi ɗaya. Haka abin yake ko da da'irar ta koma mai siffar ƙwai. An buga aikin a 1640 a takarda ɗaya tak. Descartes, babban masanin Faransa na lokacin, bai yi rawar jiki ba, ya ga cewa yaron ya ɗebo daga wurin Desargues. Paskal ma bai ɓoye cewa hanyar Desargues ya bi ba.

Daga nan aka tura mahaifinsa Rouen aikin haraji. Ganin yadda tsohon yake kwana yana tara lambobi, Paskal ya fara ƙera na'urar ƙidaya a 1642. Tana tarawa, tana ɗebewa, amma ta yi tsada, ba ta samu kasuwa ba.

Halin neman hujja ya bi shi har wajen lissafi. Torricelli na Italiya ya riga ya nuna cewa idan aka cika bututun gilashi da zaiba aka kifa shi a kwano, zaibar takan tsaya a wani tsayi. Paskal ya yi tunanin cewa idan nauyin iska ne yake riƙe ta, to a kan dutse, inda iska ta ragu, dole ta sauka. Ranar 19 ga Satumba 1648 mijin yayarsa, Florin Périer, ya hau dutsen Puy de Dôme da bututu ɗaya, ya bar wani a ƙasa ana gadinsa. Na ƙasa bai motsa ba. Na sama ya sauka da fiye da inci 3. Shi ya sa a darasin kimiyya ake auna matsin iska da ma'aunin da ake kira paskal.

A 1654 ya yi musayar wasiƙu da Fermat a kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin a gama, daga nan lissafin yiwuwar aukuwar abu ya samo tushe. A shekarar ya rubuta littafi a kan alwatikar lambobi da ake jingina masa. Ba shi ya fara ganin ta ba, Al-Karaji ya san ta tun wajen shekara ta 1000, 'yan Sin ma sun san ta. Abin da Paskal ya ƙara shi ne jera sirrinta da hujjoji a tsare.

A Nuwamba na wannan shekara zuciyarsa ta karkata ga addininsa na Kirista, ya kusanci jama'ar Port-Royal, inda Jacqueline ta riga ta shiga zaman ibada. Jama'ar suna da ƙananan makarantu, kuma a wannan lokacin ya yi wani ɗan rubutu a kan hanyar tunani irin ta handasa, wanda zai amfani iyayen da ke neman littafi ga yaro mai kaifin kai. Ya nuna cewa ba za a iya fassara kowace kalma ba, ba kuma za a iya kafa wa komai hujja ba, dole a fara daga wani wuri. Amma duk kalmar da za ta rikita mutum a bayyana ta, kada a karɓi ƙa'ida sai wadda take a fili, sauran kuma duka a tabbatar da su. Littattafan handasa da yawa a yau dabarar samun amsa kawai suke bayarwa. Wanda ya buɗe littafi ya ga ana cewa yaro ya nuna dalili, ba ya nemo lamba kaɗai ba, to ya samu jikan Uklidis.

Paskal bai taɓa samun cikakkiyar lafiya ba. Gilberte ta ce tun yana ɗan shekara 18 babu ranar da ta wuce masa ba tare da ciwo ba. Duk da haka a Maris 1662 shi da abokansa suka buɗe kekunan doki na haya a Paris, masu bin hanya ɗaya a kan lokaci da kuɗi ƙayyadadde, irin aikin bas a yau. Wata biyar bayan haka, ranar 19 ga Agusta 1662, ya mutu a gidan Gilberte yana da shekara 39.