Heinrich Barth (Abdulkarimu), 1821–1865, da Hotunan Ƙasar Hausa

Da wuya a sami ɗalibin tarihin Kano da bai taɓa cin karo da tsohon zanen nan mai nuna birnin daga kan Dutsen Dala ba: gidajen ƙasa birjik, itatuwan dabino sun yi tsiri a tsakaninsu, sararin birni ya miƙe har inda ido ya gaza. Sau da yawa akan manna shi a littattafai ba tare da an faɗi mai shi ba, har na taɓa ganin wani littafin 'yan makaranta da ya kira shi hoton kyamara. Wannan zane ya fito ne daga littafin wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a shekarar 1851 da sunan Abdulkarimu. Tun da malamin gobe shi ne zai ɗaga irin wannan hoto a gaban aji, ya wajaba ya san wane ne mutumin, ta yaya hoton ya samu, kuma iya ina za a gaskata shi.

Tasowarsa da Karatunsa

An haifi Barth a birnin Hambag na ƙasar Jamus ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai wadata, wanda bai yi ƙyashin kashe dukiya a kan ilimin ɗansa ba. Ya yi karatu a Jami'ar Balin, inda ya zauna a gaban Carl Ritter, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ilimin labarin ƙasa na zamani. Ya sami digirin digirgir a 1844 da nazari a kan cinikayyar tsohon birnin Koranti na ƙasar Girka. Wannan batu ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, domin duk garin da ya shiga daga baya, kasuwa yake fara nema, ya tambayi abin da ake sayarwa da inda ya fito da kuma farashinsa.

Daga 1845 zuwa 1847 ya zagaya gaɓar Bahar Rum, tun daga Maroko har Masar da Sham, bayan ya koyi Larabci. A kan iyakar Libiya da Masar 'yan fashi suka tare shi, suka harbe shi a cinya, suka kwashe kayansa, ciki har da littattafan da yake rubutu da zane-zanensa da wata na'urar ɗaukar hoto irin ta farko. Ke nan Barth ya san kyamara, amma kyamarar wancan zamani kaya ce mai nauyi da buƙatar sinadarai. Hotunan babbar tafiyarsa duk da alƙalami da fensir aka fara su.

Babbar Tafiya

A 1849 gwamnatin Ingila ta shirya ayari ƙarƙashin James Richardson domin ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan Sudan ta Tsakiya da kuma yaƙi da cinikin bayi. Aka haɗa shi da Jamusawa biyu, Barth da Adolf Overweg. Sun bar Tarabulus a watan Maris na 1850. A cikin hamada Barth ya ga zane-zanen mutanen dā a jikin duwatsu, na shanu da wasu halittu masu jikin mutum da kan dabba, ya zauna ya kwafe su, ya kuma fahimci cewa ƙasar da ta taɓa ciyar da garken shanu ba ta kasance busasshiya tun asali ba. A kusa da Gat ya yi gangancin hawan dutsen Idinen shi kaɗai, ya ɓace, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jinin jikinsa kafin wani Buzu ya tsince shi.

Ya isa Agadas a Oktoban 1850, kuma a wannan hanya ce ya fara koyon Hausa, domin ita ce harshen hulɗa a ƙasar Azbin. A Janairun 1851 abokan tafiyar uku suka rabu a Damargu. Richardson ya rasu a watan Maris kafin ya kai Kukawa. Barth kuwa ya biyo ta Tasawa da Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo.

Zamansa na Kano bai wuce mako biyar ba, ga zazzaɓi, ga bashi, ga rashin abin gaisuwar da zai kai fada. Duk da haka abin da ya tattara ya isa littafi. Ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, adadin da yakan ninka tsakanin Janairu da Afrilu idan fatake suka sauka. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, ya bi sawunsu har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Ya zana taswirar birnin, ya nuna Jakara da Dala da Gwauron Dutse, ya jera sunayen unguwanni. Har fasalin gidan da aka sauke shi sai da ya zana, ɗaki bayan ɗaki. A wannan zaman ne ya hau Dala ya yi zayyanar da ta zama hoton da muka ambata.

Daga nan ya wuce Kukawa wajen Shehu Umar, ya kai mahaɗar Binuwai da Faro ranar 18 ga Yuni, 1851, ya shiga Yola, aka sallame shi bayan 'yan kwanaki. Ya je Kanem da Bagarmi. Akwai tabo guda a wannan zango da bai kamata a ɓoye ba, wato ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, harin da na kamun bayi ne tsantsa. Hujjarsa ita ce babu wata hanyar ganin ƙasar, kuma ya rubuta ta'asar da ya gani ba tare da sassauci ba. Amma masu yaƙi da bauta a Ingila ba su yafe masa ba, kuma a ganina suna da abin faɗa.

Bayan rasuwar Overweg a Satumbar 1852, Barth ya rage shi kaɗai, sai ya fuskanci yamma. Ya ratsa Damagaram da Katsina, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya zauna a Wurno da Sakkwato. A Gwandu aka ba shi aron littafin Tarihin Sudan, ya shafe kwanaki yana kwafar sassansa, wanda ta haka ne Turai ta fara sanin tarihin daular Sanwai yadda ya kamata, ko da yake ya yi kuskuren jingina littafin ga Ahmad Baba alhali Abdurrahman Sa'adi ne ya wallafa shi. Ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853, bayan ya ɓad da kama a hanya a matsayin sharifi daga Sham. Da asirinsa ya tonu, Shehu Ahmad Bakkayi ne ya tsaya masa, ya hana a taɓa shi har tsawon wata takwas. Ya koma Tarabulus a ƙarshen Agustan 1855, bayan tafiyar fiye da mil 10,000, a lokacin da tuni aka yi shelar mutuwarsa a Turai.

Yadda Aka Samar da Hotunan

Littafin tafiyar ya fito a juzu'i biyar tsakanin 1857 da 1858, da Ingilishi a Landan, da Jamusanci a garin Gota. Shafukansa sun kai kimanin 3,500, da manyan hotuna masu launi 60, da taswirori 15 waɗanda August Petermann ya tsara, ban da ƙananan hotuna masu yawa a cikin rubutu.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Barth ba gwanin zane ba ne. Abin da ya dawo da shi zayyana ce ta gaggawa: layin dutse, surar soro, inda itace yake, inda kududdufi yake. Wanda ya mayar da waɗannan zayyanoni cikakkun hotuna shi ne Johann Martin Bernatz (1802–1878), mai zane da ke zaune a Miyunik. Bernatz ya san Afirka, domin ya yi zama a ƙasar Habasha a farkon shekarun 1840, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Daga hannunsa kuma hoton ya wuce maɗaba'a, inda ake bugun dutse. Yadda ake yi shi ne, a zana hoto da alli mai maiƙo a kan shafaffen farin dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, sannan a shafa tawada. Da yake ruwa da mai ba sa haɗuwa, tawadar takan kama inda aka zana kaɗai, sai a danna takarda a kai. Kowane launi da nasa dutsen. Su kuwa ƙananan hotuna, sassaƙa su ake yi a kan katako mai tauri, a jera su tare da baƙaƙe a buga lokaci guda.

Ke nan hoton Kano daga Dala ya ratsa aƙalla hannu uku: na wanda ya gani, da na wanda ya ƙawata, da na wanda ya hau da shi kan dutse. Abin da ya shafi shimfiɗar gari da ginin ƙasa da irin itatuwa, ana iya dogara da shi gwargwado, musamman da yake rubutun Barth yana mara masa baya: ya ambaci dabino da gwanda da rimi, da filayen kiwo da kududdufai a cikin ganuwa. Amma mutanen da akan dasa a gaban irin waɗannan hotuna, da tsayuwarsu da naɗin rawaninsu da hasken sararin sama, sun fi kusa da aikin Bernatz, wanda ke bin al'adar masu zanen shimfiɗar ƙasa na Turai ta sanya 'yan mutane a gaba domin a gane girman abin da ke bayansu. Misali mafi bayyana shi ne hoton shigar Barth Tambutu, inda aka nuna jerin mahaya sun doshi gari. Mutumin da ke cikin ayarin, ga ciwo ga fargabar kada a gane shi Kirista ne, ba zai koma gefe ya zana kansa ba. An tsara wannan hoto ne daga baya.

Shi kansa Barth ya san wannan matsala. Ya gaskata labarin Bafaranshe René Caillié, wanda ya shiga Tambutu a 1828 aka yi ta ƙaryata shi, amma ya soki hoton da aka buga a littafinsa saboda ya nuna gidaje a warwatse, alhali titunan garin a matse suke tsakanin gine-gine.

Tafiyar hotunan ba ta tsaya nan ba. A 1860 mujallar Faransa mai suna Le Tour du Monde ta buga taƙaitaccen labarin tafiyar, masu zanenta suka sake kwaikwayon hotunan a kan katako. Daga irin waɗannan kwafe-kwafe ne wasu littattafai suka ci gaba da ɗauka, kowa yana ragewa ko ƙarawa. Don haka idan malami ya sami iri biyu na hoto ɗaya, ya fara duba ƙananan rubutun da ke ƙasansa, domin a bugun asali akan ambaci mai zayyana da mai zane da maɗaba'a, har da ranar da Barth ya ga wurin.

Gudummawarsa ga Harshen Hausa

Ga ɗalibin Hausa, Barth ya wuce matafiyi. Ya rubuta sunayen itatuwa kamar kuka da ɗorawa da tsamiya da giginya da goriba yadda ya ji su a bakin mutane, ya kawo labarin Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Tsakanin 1862 da 1866 ya wallafa tarin kalmomi da nazarin nahawun harsuna tara, ciki har da Hausa da Barbarci da Fulatanci. Aikin yana da raunin zamaninsa. Bai gano karin sauti ba, ya riƙa ɗora alama a kan gaɓar da kunnensa na Bajamushe ya ji da ƙarfi, kuma bai rarrabe baƙaƙe masu lanƙwasa da takwarorinsu yadda muke yi a yau ba.

Wata gudummawar kuwa ba da niyya ya yi ta ba. Ya tafi Turai da samari biyu da Overweg ya 'yanta, Dorugu Bahaushen ƙasar Damagaram da Abbega Bamarge. Ɗan mishan J. F. Schön ya riƙe Dorugu a Ingila, abin da ya jawo saɓani tsakaninsa da Barth, kuma daga bakin yaron ya rubuta labarai da tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa. Wannan ya taimaka wa nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876 da littafin Magana Hausa na 1885. Dorugu ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912 yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Barth bai sami karɓuwar da ya yi tsammani ba. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba shi lambar zinare, amma littafinsa ya yi wa talakan mai karatu nauyi. An buga kwafi 2,250 na juzu'i ukun farko, na biyun ƙarshe kuwa 1,000 kacal, yayin da littafin David Livingstone, wanda ya fito a shekarar 1857, ya sayu dubbai masu yawa. Halinsa ma bai taimake shi ba, domin mutum ne mai saurin fushi da zargi, wanda ya ɓata da jami'an Ingila da dama. Ya kuma yi baƙin cikin yadda gwamnatin Ingila ta yi watsi da alkawuran da ya ɗaukar wa Bakkayi da sunanta.

Ya koma Jamus, ya yi tafiye-tafiye a ƙasar Turkiyya da yankin Balkan, aka ba shi muƙamin farfesa a Jami'ar Balin a 1863, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta birnin. Bai yi aure ba. Ciwon ciki ya kashe shi ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44, kafin kashi na ƙarshe na aikinsa a kan harsuna ya fito daga maɗaba'a. An binne shi a Balin. Gidajen da ya sauka a Agadas da Tambutu an sanya musu alluna masu ɗauke da sunansa.