Likita Donders, Wanda Ya Koya wa Duniya Auna Ido

Mu da muke zaune a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa mun saba ganin tabarau a faifan 'yan koli ranar kasuwa. Dattijo zai gwada wannan, ya gwada wancan, ya biya, ya tafi. Haka Turawa ma suke yi a dā, kafin wani likita ya nuna musu cewa kowane ido da irin nasa gilashi.

Sunansa Franciscus Cornelis Donders. An haife shi a garin Tilburg na ƙasar Holan ranar 27 ga Mayu, 1818. Shi ne auta, kuma shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa ya rasu yana jariri, ya tashi maraya a hannun mahaifiyarsa. Ya yi karatu a makarantar likitocin soja ta Utrecht, ya sami digirin likita a Leiden a 1840, daga baya ya zama farfesa a Utrecht.

A 1851 ya ziyarci Landan, inda ya sadu da manyan likitocin ido biyu, Bowman na Ingila da von Graefe na Jamus. Daga nan ya ba da ƙarfinsa ga aikin ido. Ya lura cewa matalauta ne suka fi shan wahala, don haka a 1858, da gudummawar jama'a, ya buɗe musu asibitin ido a Utrecht.

A wannan asibiti ya auna idanun mutane masu ɗimbin yawa, ya rarrabe matsalolin da ake cakuɗawa. Wani ƙwayar idonsa ta cika tsawo, yana ganin littafi amma allo ya yi masa hazo. Wani tasa ta gajarta, karatu yana gajiyar da shi, yana sa masa ciwon kai. Wani kuwa gaban idonsa bai lanƙwasa daidai ba, sai an yanka masa gilashi na musamman. Akwai kuma raunin da shekaru ke kawowa bayan arba'in, lokacin da dattijo zai fara nesanta Littafi Mai Tsarki da fuskarsa kafin ya iya karantawa. Kowace matsala da maganinta, kuma sau da yawa idon dama da na hagu ba ɗaya suke ba. Ya tattara wannan ilimi cikin babban littafi da aka buga da Turanci a 1864. Mataimakinsa, Herman Snellen, shi ya ƙirƙiro allon haruffa manya da ƙanana a 1862, wanda ake gwada gani da shi. Donders ya rasu ranar 24 ga Maris, 1889.

Amfanin aikinsa ya iso ƙasarmu. A 1943 mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda muka sani da Asibitin Ido na ECWA.

Saboda haka, ɗalibin da ba ya ganin allo kada ya ɓoye don kunya, ya faɗa wa malaminsa. Yaro da yawa an kira shi daƙiƙi alhali idonsa ne ke neman taimako. Iyaye da dattawan ikilisiya, mu daina aron tabarau, mu je a auna mu. Ido kyautar Allah ne, kuma Donders maraya ya nuna mana yadda ake riƙon wannan amana, musamman ga marasa ƙarfi.